Ra'ayin Jama'ar Duniya a Kan Zaɓen Shugaban Amurka: Haƙiƙarsa da Iyakarsa

Duk bayan shekara huɗu, da zarar watan Nuwamba ya gabato, sai ka iske gidajen rediyo da jaridu na kowace nahiya sun duƙufa a kan labarin zaɓen shugaban ƙasar Amurka, har ta kai ga mutumin da ke zaune a Nairobi, ko Alƙahira, ko Kano, wanda ba shi da ƙuri'a a wannan zaɓe, mai yiwuwa ma bai taɓa taka ƙasar da ƙafarsa ba, ya zauna yana musu da maƙwabcinsa a kan wanda ya fi cancanta da kujerar. A irin wannan lokaci ne ake yawan jin masu karanta labarai suna cewa duniya tana bayan wane. Sa'an nan idan aka gama ƙidaya, aka ga wanda aka ce duniya ba ta so shi ne ya haye, sai ruɗani ya auku, wasu su ce lalle an yi maguɗi, wasu su ce ashe masu binciken ƙarya suka shara mana, wasu kuwa su yanke ƙauna, su ce ra'ayin talakan duniya da babu duk ɗaya ne. Waɗannan maganganu uku duka an yi su ne cikin gaggawa, kuma illarsu guda ce, wato an ɗauki shaida a matsayin hukunci, alhali kuwa mai ba da shaida dabam, alƙali dabam. Saboda haka ya kamata a bi mas'alar daki-daki, a san mene ne wannan ra'ayi, yaya ake auna shi, me ke karkatar da shi, kuma ina tasirinsa ya tsaya.

Ma'anar kalmomi

Ra'ayin jama'a, a isɗilahin masana siyasa, shi ne abin da mutanen wata ƙasa suke gani game da wata mas'ala a wani lokaci ƙayyadadde, idan aka tara maganganunsu aka ƙidaya. Sharaɗin lokaci yana da muhimmanci ƙwarai, domin ra'ayi ba aƙida ba ne da ake mutuwa a kanta, yakan juya da labarin da ya iso jiya. Malamanmu tun tuni sun bambance tsakanin ijma'i, wato haɗuwar baki ɗaya ba tare da mai saɓawa ba, da maganar jamhuru, wato abin da mafi yawa suka tafi a kai. To abin da ake kira ra'ayin duniya bai taɓa zama ijma'i ba, sau da yawa ma ko matsayin jamhuru bai kai ba, saboda dalilan da za su zo nan gaba.

Kalmar ƙuri'a daga Larabci muka aro ta, ma'anarta ta asali ita ce jefa rabo tsakanin mutane don a ga wanda abu zai faɗa wa, daga baya aka faɗaɗa ta har ta ɗauki takardar da ɗan ƙasa yake jefawa a akwati ranar zaɓe. Ita kuwa ƙuri'ar jin ra'ayi, wadda ake yawan ambata a rediyo, suna kawai ta ara: ba akwati, ba malamin zaɓe, kuma ba ta naɗa kowa. Tambaya ce da ma'aikatan wata cibiya suke yi wa mutane ƙalilan, galibi kamar dubu ɗaya a kowace ƙasa, ko ta waya, ko baki da baki, ko ta intanet, sa'an nan a yi ƙiyasin sauran jama'a da su. Waɗannan ƙalilan su ne samfur. Misalin mai binciken kamar mai sayen hatsi ne a kasuwa, wanda ba ya zazzage buhu don ya san ingancin geron da ke ciki, sai ya soka ɗan ƙarfe mai kogo ta gindi, ya soka ta tsakiya, ya soka ta sama, ya zuba abin da ya fito a tafin hannu, ya hura, ya duba. In kuwa wuri guda ya soka, musamman bakin buhu inda mai ha'inci yake zuba mai kyau, to ya cuci kansa. Ko da an kyautata ɗaukar samfur, natijarsa zato ce mai rinjaye, ba ta kai yaƙini ba, shi ya sa ma'abuta wannan ilimi suke cewa a samfurin mutum dubu a bar ratar kuskure ta kamar kashi 3 cikin 100, sama ko ƙasa.

Al'amuran duniya kuma su ne mas'alolin da iyakar ƙasa ba ta tare su, kamar yaƙi da sulhu, ciniki da haraji, sauyin yanayi, annoba, ƙaura da takardar izinin shiga ƙasa, wadda aka fi sani da biza. Sai katsalandan, wanda wajibi ne a raba shi da ra'ayi: faɗin wanda kake so halal ne a ko'ina, amma zuba kuɗi ko yin kutse a ɓoye don a karkatar da zaɓen wasu laifi ne. Dokar Amurka ta haramta wa baƙo ba ɗan takara gudummawar kuɗi, kuma binciken da Robert Mueller ya kammala a 2019 ya tabbatar da cewa Rasha ta tsoma hannu a zaɓen 2016 ta hanyar kutse da farfaganda, wato yaɗa labari da nufin juya tunanin mutane.

Asalin al'amarin

Kula da abin da duniya take faɗa ba baƙon abu ba ne a tarihin Amurka, domin waɗanda suka rubuta sanarwar 'yancin kanta a 1776 sun ambata tun a farkonta cewa girmama ra'ayin 'yan Adam ne ya wajabta musu bayyana dalilan rabuwarsu da Ingila. Amma auna ra'ayi bisa ƙa'ida bai kankama ba sai a ƙarni na ashirin. A 1936 wata mujalla mai suna Literary Digest ta tara amsoshi fiye da miliyan 2, galibi daga masu tarho da masu mota, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt; George Gallup kuwa, wanda ya kafa cibiyarsa a 1935, ya tambayi adadin da bai kama ƙafar wannan ba, amma ya bi kowane ɓangare na jama'a, ya ce Roosevelt zai ci. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta soka bakin buhu ne kaɗai, kuma yawan abin da ta ɗebo bai amfane ta da kome ba.

Tsallakawa da wannan aiki zuwa ƙasashen waje, har a riƙa tambayar mutanen wata ƙasa game da shugaban wata, ya bunƙasa ne bayan harin 11 ga Satumba 2001, lokacin da Amurkawa suka so su san yadda ake kallonsu. Cibiyar Pew ta birnin Washington ta fara fitar da babban bincikenta na ƙasashen duniya a 2002, kamfanin GlobeScan kuma ya riƙa yin nasa, wani lokaci a madadin sashen BBC na ƙasashen waje. Dalilin da ya sa zaɓen Amurka ya keɓanta da wannan kulawa, ba na Indiya ko na Burazil ba, a fili yake: ƙasar da mutanenta ba su wuce kashi 4 da ɗoriya cikin 100 na jama'ar duniya ba, ita ce ke da kusan rubu'in tattalin arzikin duniya, kuɗinta ne ake cinikin man fetur da shi, kuma tana cikin ƙasashe biyar masu ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya kwana kusa da giwa dole ya kula da motsinta.

Abin da binciken ya nuna

A 2004, ana tsakiyar yaƙin Iraƙi, GlobeScan tare da wata cibiya ta Jami'ar Maryland sun tambayi mutane a ƙasashe 35, aka samu 30 daga ciki sun fi son John Kerry, uku kaɗai suka fi son George W. Bush, wato Filifins da Foland da Nijeriya, Indiya da Tailan kuwa suka rabu. Duk da haka Bush ne ya ci, da ratar ƙuri'a kusan miliyan 3. A 2008 binciken BBC a ƙasashe 22 ya nuna dukansu sun fi son Barack Obama, matsakaicin goyon bayansa kashi 49 cikin 100, na John McCain kashi 12, kuma a wannan karo zaɓin Amurkawa ya dace da na masu kallo. A Kenya, ƙasar mahaifin Obama, shugaba Mwai Kibaki har hutun aiki ya bayar. A 2012 an sake tambaya a ƙasashe 21, Obama ya samu kashi 50, Mitt Romney kashi 9, Pakistan kaɗai ta fi karkata ga Romney.

A nan akwai tambihi biyu. Na farko, kashi 49 bai kai rabi ba, ke nan kusan mutum huɗu cikin goma ba su zaɓi kowa ba, amma kanun labarai ba su cika ambaton waɗannan masu shiru ba. Na biyu, ƙasashe 22 ba su ne duniya ba, tun da membobin Majalisar Ɗinkin Duniya a yau 193 ne. A wasu ƙasashe masu tasowa mutanen birni kaɗai akan tambaya, kuma a wajen fitar da matsakaici galibi ƙasa mai mutum miliyan kaɗan nauyinta ɗaya da mai biliyan.

Binciken Pew kuwa ya nuna yadda ra'ayi yake juyawa kamar iskar bazara. A Jamus, masu cewa sun amince shugaban Amurka zai yi abin da ya dace a al'amuran duniya kashi 14 ne a shekarar Bush ta ƙarshe, wato 2008. Suka kai 93 a 2009 da zuwan Obama. Suka faɗo 11 a 2017 da zuwan Donald Trump. Suka koma 78 a 2021 da zuwan Joe Biden. A binciken 2017 na ƙasashe 37, Rasha da Isra'ila kaɗai suka fifita Trump a kan Obama. Amma a cikin shekarun mulkinsa na farko an ga mafi yawan waɗanda aka tambaya a Filifins, da Isra'ila, da Kenya, da Nijeriya suna cewa sun amince da shi, a daidai lokacin da Turai ta Yamma ta juya masa baya.

Dalilan da ke karkatar da kowace ƙasa

Wanda ya yi nazarin waɗannan alƙaluma da natsuwa zai ga cewa mutanen waje ba sa auna ɗan takara da ma'aunin Ba'amurke, wanda hankalinsa yake kan farashin kayan masarufi, da haraji, da inshorar lafiya, da kan iyaka. Kowace al'umma tana kallonsa ne ta tagar da ta buɗe wajen gidanta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dalili na farko shi ne yaƙi da tsaro. Ƙiyayyar da Turai da ƙasashen Musulmi suka nuna wa Bush ta samo asali ne daga mamayar Iraƙi a Maris 2003, wadda miliyoyin mutane suka yi zanga-zangar ƙi a biranen duniya ranar 15 ga Fabrairu na shekarar. Amma Foland, wadda ba ta manta da danniyar Tarayyar Sobiyat ba, kuma ta shiga ƙawancen tsaro na NATO a 1999, tana ganin shugaban Amurka mai zafin hannu garkuwa ne a gare ta. Pakistan kuwa ba don ta san Romney ta karkata gare shi ba, sai don hare-haren jirage marasa matuƙi da suka yawaita a zamanin Obama, da kuma samamen da sojojin Amurka suka kai garin Abbottabad a Mayu 2011. Ba ƙaunar Romney ba ce, fushi ne da Obama. Haka mas'alar Ƙudus: amincewar da Trump ya yi a Disamba 2017 cewa birnin shi ne hedikwatar Isra'ila ta jawo masa farin jini a can, alhali a babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasashe 128 suka ƙi matakin, 9 kaɗai, har da Amurka kanta, suka goyi bayansa.

Na biyu shi ne alkawuran ƙasa da ƙasa, waɗanda sauyin shugaba yake ɗaurawa yana kwancewa. Bush ya yi watsi da yarjejeniyar Kyoto ta rage hayaƙi a 2001; Obama ya shiga ta Faris wadda aka ƙulla a 2015; Trump ya sanar da fita a 2017; Biden ya koma ran da ya hau mulki a 2021; Trump ya sake ba da umarnin fita ran 20 ga Janairu 2025. Yarjejeniyar nukiliya da Iran, wadda aka ƙulla a 2015, ita ma an fice daga cikinta a 2018. Bature da ya ɗauki sauyin yanayi babbar mas'ala ba zai rasa ra'ayi a kan wanda yake riƙe da alƙalamin ba.

Na uku shi ne maslaha ta kusa, kuma a nan ne Afirka ta fi fitowa. Bush, wanda Turai ta ƙi, shi ne ya kafa shirin PEPFAR a 2003 don yaƙi da cutar ƙanjamau, shirin da ya kai magani ga miliyoyin mutane a nahiyar, kuma ya ziyarci Abuja a cikin wannan shekarar. A zamanin Trump ne aka amince da sayar wa Nijeriya jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, kuma a zamaninsa ne, a farkon 2020, aka sa ta cikin ƙasashen da aka tsaurara wa bizar ƙaura. Wanda ya dubi na farko zai yaba, wanda ɗansa yake jiran takarda zai koka.

Na huɗu shi ne addini da al'ada da nasaba. Jam'iyyar Rifablikan tana da ra'ayin riƙau a kan zubar da ciki da sha'anin aure, abin da yake burge masu addini a ƙasashe da dama, jam'iyyar Dimokurat kuwa ta fi kusa da ɗabi'ar Turai ta Yamma. A nan ma dole a lura cewa ƙasa ɗaya ba baki ɗaya ba ce: binciken Pew bayan yaƙin Iraƙi ya nuna tazara mai faɗi tsakanin Musulmin Nijeriya da Kiristocinta a kan yadda suke ganin Amurka, saboda haka wanda ya ce Nijeriya ta zaɓi Bush ya haɗa maganganu biyu masu karo da juna ya ba su suna guda.

Abin da ya sa muryar duniya ba ta naɗa shugaba

Amsa ta farko tana cikin tsarin zaɓen kansa, domin ko Amurkawa ba jimlar ƙuri'unsu ce take naɗa shugaba kai tsaye ba. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe gwargwadon kujerunta a majalisun dokoki biyu, jimlarsu tare da na birnin tarayya 538, wanda ya samu 270 ya ci. Kuma a dukkan jihohi, ban da Maine da Nebraska, wanda ya fi ƙuri'a a jiha, ko da ratar ba ta taka kara ta karya ba, shi yake kwashe wakilanta gaba ɗaya. Ta haka ne Bush ya hau a 2000 da ratar ƙuri'a 537 a Florida, bayan Kotun Ƙoli ta tsayar da sake ƙidaya, ko da yake Al Gore ya fi shi ƙuri'u a faɗin ƙasa. Ta haka kuma Trump ya hau a 2016, alhali Hillary Clinton ta fi shi da kusan miliyan 3. Idan rinjayen 'yan ƙasa da kansu bai isa ba sai ya faɗo a jihohin da suka dace, ina ga rinjayen baƙi?

Amsa ta biyu tana cikin ɗabi'ar ɗan Adam, wanda ba ya son baƙo ya koya masa gyaran gidansa. A Oktoba 2004 jaridar Guardian ta Ingila ta nemi masu karatunta su rubuta wasiƙu ga masu zaɓe na gundumar Clark a jihar Ohio, wadda take cikin jihohin da ake ganin za su raba gardama. Dubban mutane suka karɓi adireshi, wasiƙu suka tsallaka teku, sai martani ya dawo cike da fushi da zagi, wasu suna tuna wa Ingilishi cewa tun 1776 aka raba gari, har jaridar ta dakatar da shirin. Gundumar, wadda Gore ya ci da ƙyar a 2000, ta koma hannun Bush. Ba a tabbatar cewa wasiƙun ne sanadi ba, amma babu mai da'awar sun taimaki Kerry. Haka a Yuli 2008, da kimanin mutum 200,000 suka taru a Barlin don sauraron Obama, nan da nan 'yan kamfen ɗin McCain suka mai da taron abin gori, suna nuna shi a matsayin tauraron da duniya take yi wa tafi, ba wanda ya shirya mulki ba.

Hanya ɗaya da damuwar waje take shiga akwati ita ce ta 'yan ƙasa masu dangi a waje. Mutanen Kuba da ke Florida sun daɗe suna da tasiri a kan siyasar Amurka game da tsibirinsu, kuma a Fabrairu 2024 fiye da mutum 100,000 a zaɓen fid da gwani na Dimokurat a Michigan, jihar da Larabawa da Musulmi suke da yawa, sun ƙi zaɓar kowa don nuna fushi a kan yaƙin Gaza. Waɗannan an saurare su, ko ba a biya musu buƙata ba, domin su masu ƙuri'a ne.

Saɓanin masana

Masana sun kasu a kan darajar wannan ra'ayi. Kashi na farko suna cewa ba shi da nauyi, domin ƙasashe suna hulɗa ne bisa maslaha da ƙarfi, kuma gwamnatin da take buƙatar makamai ko kasuwa ba za ta fasa ba don talakawanta ba sa son fuskar shugaban Amurka. Suna kafa hujja da cewa manyan al'amura ba su cika sauyawa da sauyin shugaba ba: Obama ya sa hannu a Janairu 2009 a rufe kurkukun Guantanamo cikin shekara guda, ya gama wa'adinsa biyu bai rufu ba, domin majalisa ta tare hanya, kuma rundunar Amurka mai kula da Afirka da aka kafa a zamanin Bush ta ci gaba a hannun duk waɗanda suka biyo baya.

Kashi na biyu, waɗanda Joseph Nye na Jami'ar Harvard ya kasance kan gabansu, suna cewa bayan ƙarfin bindiga da na kuɗi akwai ƙarfi na uku, wato farin jini, wanda yake sa wasu su bi ka da son ransu. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru a Ankara ran 1 ga Maris 2003: Turkiyya tana cikin NATO tun 1952, gwamnatinta ta kai wa majalisa buƙatar a bar sojojin Amurka su ratsa ƙasar su shiga Iraƙi ta arewa, an kuma yi mata alkawarin tallafi mai tsoka, amma da yake jama'a sun ƙi yaƙin ƙi mai tsanani, ƙudurin bai samu rinjayen da doka ta sharɗanta ba, dole aka sauya shirin yaƙin. Kafin nan, a 2002, Gerhard Schröder ya ci zaɓe a Jamus yana mai alkawarin ba zai shiga yaƙin ba.

Kashi na uku suna kallon mas'alar ta fuskar adalci, suna cewa wanda hukunci zai shafa yana da haƙƙin a ji ta bakinsa. Masu raddi kuwa suna cewa wanda ba ya biyan harajin ƙasa, ba ya ɗaukar nauyinta, ba shi da hurumin zaɓa mata shugaba, kuma babu al'ummar da za ta yarda a yi mata haka. Idan aka sa waɗannan maganganu a ma'auni, za a ga kashi na farko sun yi gaskiya game da ranar zaɓe, na biyu kuwa sun yi gaskiya game da shekaru huɗun da suke biyo bayanta.

Abin da ake zaton zai biyo baya

Natija ta farko ita ce yawan sauyin alƙibla daga shugaba zuwa shugaba yana rage darajar sa hannun Amurka, domin yarjejeniyar da ba ta samu amincewar kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa ba, magaji yana iya soke ta da alƙalami. Saboda haka ƙasashe sun fara neman madogara fiye da ɗaya, Turai tana maganar tsaron kanta, wasu suna ƙara kusantar Sin ko Rasha. Ta biyu ita ce ƙasashen da suka jingina lafiyar jama'arsu ga tallafin waje su ne suka fi jin jiki idan iska ta juya, kamar yadda aka gani a 2025 da aka dakatar da agajin waje, aka kuma rushe hukumar USAID. Ta uku ita ce buri mai yawa yakan haifi ɓacin rai mai yawa: jawabin Obama na Alƙahira a Yuni 2009 ya faranta ran Musulmi da dama, amma kafin 2012 amincewa da shi ta ragu a Masar da Jodan, kuma rushewar gwamnatin Libiya a 2011, wadda Amurka take da hannu a ciki, ta watsa makamai cikin yankin Sahel. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Bilhasali, duk wanda ya ji an ce duniya tana bayan wane, ya kamata kafin ya gaskata ko ya ƙaryata ya tambaya: ƙasashe nawa aka shiga, su wa aka tambaya a cikinsu, yaushe aka yi tambayar, kuma nawa ne suka yi shiru? Idan amsoshin sun gamsar, sai ya karɓi labarin a matsayinsa na shaida, wadda take nuna wa sabon shugaba inda zai samu ƙofa a buɗe da inda zai iske ta a kulle, ba tare da ya zaci ita ce za ta buɗe masa Fadar White House ko ta hana shi shiga ba. Wasiƙun da aka aika Ohio ba su juya ko gunduma ɗaya ba, amma jama'ar Turkiyya sun tare wa rundunar da ta fi kowace ƙarfi hanya, domin su majalisarsu suka matsa wa. Haka kuma ficewar sojojin Amurka daga sansaninsu na Agadas a 2024 ba a akwatin zaɓen Amurka aka yanke ta ba, a Yamai aka yanke ta. Ra'ayin mutumin waje yana da nauyi, amma a kan mahukuntan ƙasarsa nauyin yake sauka, su kuma su kai shi teburin da ake ciniki da shugaban da Amurkawa suka zaɓa wa kansu.